Ramukan da Na Toshe

Asabar, 2 ga Maris

Shafi na tara na man ƙyalli ya hau jikin Tarago Sha Huɗu yau. Saura uku. Katakon maɗacin ya fara ɗaukar ido, har mutum na iya ganin fuskarsa a jiki, ko da yake tawa fuskar ba wadda ake nema ba ce.

Da hantsi Inna Tegwen ta turo Maigida Idwal a keken marasa lafiya, da bargo biyu da tulun iskar nan da yake shaƙa. Wata biyu rabona da shi. Ya rame, kai, ya rame ƙwarai. Amma bakin yana nan daram. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce a matsar da shi kusa, ya shafa gefen taga da bayan hannu, ya ce, "Kafinta, ƙuda ya mutu a shafinki na takwas, ga kabarinsa nan." Ƙarya yake, ba wani ƙuda. Na ce in ya matsu ya tashi ya karɓi burushin.

Shekara talatin da ɗaya ke nan da ya tsinto taragon nan a gonar wani mai tumaki, kaji na kwana a ciki. Shi ya koya mini aikin jirgin ƙasa, ni da na zo da taƙamar na iya katako. Yanzu kwamitin tsohon layin dogonmu ya sa rana: Asabar 4 ga Mayu Sha Huɗu zai ɗauki fasinja, karo na farko tun ban zo duniya ba. Likita kuwa ya gaya wa Inna Tegwen ba lalle huhun mijinta ya kai shi ƙarshen bazara ba. Kowa a rumfa ya sani, ba mai faɗa.

Ya ce ɗaki na uku nasa ne. "In muka hau Doguwar Gada zan sauke gilashi, in jingina da ƙofa, in leƙa har cibiya, yadda na yi ina ɗan shekara bakwai uwata na jan rigata. Wanda ya isa ya hana ni." Inna Tegwen ta ce ita za ta ja rigar yanzu, tsohon rigima kawai.

Bayan sun tafi na tsaya ɗaura sabuwar igiyar fata a tagar ƙofa ta uku. Na saki gilashin ya sauka cikin ƙofar, na jawo shi sama, sai na ga gindin firam ɗin a jiƙe, baƙi ƙirin. Da wari. Tun Oktoba taragon ke cikin rumfa. Daga ina ruwa?

Lahadi, 3 ga Maris

Na je coci, ban ji ko kalma ɗaya ba. Warin nan yana hancina.

Laraba, 6 ga Maris

Ranar Laraba ba mai zuwa rumfa, shi ya sa na zaɓe ta. Na shimfiɗa kwali, na kwanta rigingine a ƙarƙashin ƙofa ta uku, na soka basilla daga ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Katako mai lafiya tun daga tsini yake tsayar da basilla. Wannan ta shige har mariƙi, kamar a dafaffen dankali.

Sai na ga tabo biyu masu zagaye a ƙasan ƙofar, an cike su da foti, ƙullun nan na toshe rami, an goge sumul. Aikina ne. Ko a cikin dubu zan gane gugata.

Bari in rubuta shi dalla-dalla, tunda ba mai karantawa sai ni. Tagar da gilashinta ke sauka cikin ƙofa, dole ruwan sama ya bi ta bakinta ya shiga ciki, ba yadda za a hana shi. Saboda haka waɗanda suka ƙera ta suka huda rami biyu a ƙasan kowace ƙofa, ruwa ya shiga ta sama ya fita ta ƙasa. Shekara shida da suka wuce, ina sabuwa a nan, Maigida na asibiti an yi masa aikin ƙugu, aka bar mini ƙofofin nan takwas in gyara. Na ga ramukan, na ɗauka gurbin tsofaffin ƙusoshi ne. Shekara talatin ina yin kabad da tebur da akwatin gawa, kuma a wancan aikin rami a jikin katako abin kunya ne. Na toshe su duka sha shida, na goge, na shafe. Har ina jin kaina.

Daga nan taragon ya yi hunturu huɗu a waje yana jiran aikin ƙafafunsa, a ƙarƙashin tamfol ɗin da iska ke yagawa duk wata. A ƙasar nan tamu da ruwan sama ba ya gajiya! Hunturu huɗu ruwa na shiga, ba hanyar fita.

Kuma katakon ƙasan nan shi ke riƙe da hinjin ƙasa, ƙarfen da ƙofar ke rataye a kai. Na daɗe a kwance a kan kwalin.

Alhamis, 7 ga Maris

Wataƙila ta ukun ce kaɗai. Ita ke fuskantar iska.

Asabar, 9 ga Maris

Na riga kowa zuwa, na huda fotin duka. Ta ɗaya a bushe. Ta biyar a bushe. Sauran shidan sun zubo da baƙin ruwa da dusar ruɓaɓɓen katako, ta bakwai har ta jiƙa mini hannun riga.

Ina cikin goge ƙasa Hefin ya shigo da shayi kofi biyu. Shi ke duba lafiyar taragai ya sa hannu kafin a bar su su ɗauki mutum. Ya ce, "Yaya Meinir, yau kuma shara kika koma?" Na ce bokiti na kifar. Haka kawai ta fito, ko tunani ban yi ba. Shekarata hamsin da tara, rabona da irin wannan ƙaryar tun ina makaranta.

Ya hau ciki, ya sauke gilashin ta shida, ya ɗora mata wannan ƙaton ƙirjin nasa yana ba ni labarin tumakin surukinsa da ke ta haihuwa. Na daka masa tsawa. "Ɗaga mini ƙofa, kai! Man bai bushe ba!" Ya ce ikon Allah, mako guda mai bai bushe ba? Ya ce tsufa ya fara taɓa ni, in riƙa shan shayina da zafi. Na bar shi a haka.

Talata, 12 ga Maris

Kowace ƙofa sai na sauke ta, na ɓare fuskar maɗacin, na yanke ruɓaɓɓen, na dasa sabon katako, gam ya kama, na mayar. Sannan shafi goma sha biyu daga farko, kowanne da kwanakin bushewarsa, kuma man ƙyalli ba ya jin lallashi. Wata guda kowace ƙofa, in na kashe kaina. Satumba ke nan.

Maigida kuwa ba shi da Satumba.

Laraba, 20 ga Maris

Na yi abin da in na ga wani yana yi sai na kore shi daga rumfa. Na kunna wa gindin ƙofofin injin ɗumama, na ɗura musu ruwan maganin nan mai taurara katako, na cire ƙusoshin hinji na sa dogaye. Ina murɗa ƙusa tana juyawa, tana juyawa, ba ta kama komai ba. A ƙarshe ta ɗan tsaya, na ce to ta kama.

Na rufe ta uku, na buɗe, na sake rufewa. Sauti mai kyau take bayarwa, 'yar banza. Wanda bai sani ba sai ya rantse.

Lahadi, 24 ga Maris

Na tafi gidan su Maigida da niyyar gaya musu gaskiya. Wallahi da wannan niyya na tafi, har kalmomin na shirya a mota.

Inna Tegwen ta tare ni a kicin, ta yanka mini burodi mai zabibi ta shafa man shanu. Ta nuna mini kalanda a jikin firij. Kowace safiya shi da kansa yake soke rana da fensirin kafinta, sai ta riƙe shi yake iya miƙewa. Ta kai kwat ɗinsa wurin tela an rage. Ta ce, "'Yar nan, abinci ba ya ci, magani sai da faɗa. Taragon nan naki ne kaɗai ke tashinsa da safe." Ta riƙe hannuna da nata mai maiƙo, ta ƙi saki.

Na shiga wurinsa. Ya tambaye ni shafi na nawa, na ce na goma. Ya ce kada in yi gaggawar na sha ɗaya, sanyi bai saki ba tukuna. Ya ce jikokinsa uku za su zo daga Cardiff, duk a ɗaki na uku za a cusa su, wanda ya yi amai a kan kujera shi zai wanke. Muka yi hirar igiyar fata. Na sha shayi kofi biyu na fito.

Matsoraciya.

Alhamis, 28 ga Maris

Na fita da karena, ƙafata ta kai ni ƙarƙashin Doguwar Gada ban yi niyya ba. Sau dubu na bi ta wurin, ban taɓa ɗaga kai da gaske ba. Tsayinta ƙafa tamanin. A ƙasa ba wani ruwan kirki, duwatsu ne. Kuma a kan gadar ne layin ke lanƙwasa, tarago ya karkata, nauyin mutane ya koma kan ƙofofin gefe guda.

Na ce wa kaina ai Maigida yanzu bai fi buhun dankali nauyi ba. Sai na tuna ba shi kaɗai zai hau ba, kuma ba rana ɗaya ba ce. Duk Asabar da Lahadi har kaka. Kowa kuma leƙawa yake yi, don leƙen ma suke sayen tikitin.

Karen ya yi ta jan igiya, ni na kasa barin wurin.

Talata, 2 ga Afrilu

Na ɓata shafi na sha ɗaya a gefe guda, sai da na bi shi da samfefa na sake. Matar shagon burodi ta tambaye ni ko lafiya, wai na rame. Na ce mata ta ji da burodinta.

Laraba, 10 ga Afrilu

Asabar Hefin zai yi duba na ƙarshe. Ga abin da ban so in rubuta: fata nake ya kama ni. Yana da basilla a aljihun gaba, da ita yake caka duk katakon da ya zarga. In ya soka sau ɗaya shi ke nan, ba bakina ne ya kashe wa Maigida rana ba, basillar Hefin ce. Zan riƙe baki in yi mamaki tare da kowa.

Dubi abin da na koma.

Asabar, 13 ga Afrilu

Awa huɗu yana dubawa. Birki, ƙafafu, sarƙar haɗi, duk ya shiga ƙarƙashi ya fito baƙi wuluk. Ya zo kan ƙofofi, ya buɗe kowacce ya rufe, ya ja sakata, ya girgiza mariƙi. A ta uku ya ciro basillar. Ya dubi maɗacin nan yana ƙyalli, ya dubi basillar, ya yi dariya ya mayar da ita aljihu.

"In huda aikin Yaya Meinir? Rufa mini asiri, ina son kunnuwana. Ni ƙarfe na sani. Katako kuwa, in kin ce ya yi, ya yi."

Ya ɗora takardar a gwiwa ya sa hannu. Aka yi tafi. Wani ya kawo kek, na ci, ban san ɗanɗanonsa ba.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Ba wanda zai kama ni. Ban taɓa jin tsoro irin na yau ba.

Laraba, 17 ga Afrilu

Dabaru iri-iri, kowacce ta fi 'yar uwarta wauta. In shiga ɗaki na uku ranar, in tsaya a bakin ƙofa in hana kowa matsowa. To sauran biyar ɗin fa? In liƙa takarda a kowace taga, kada a jingina. Irinta tana nan tun zamanin kakanninmu, wa ya taɓa bi? In bari ranar ta wuce, Maigida ya hau ya sauka, kashegari in faɗa. Wannan ce ta fi zama mini a rai, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro, don tana kama da hankali. Fita biyar jirgin zai yi ranar, zuwa da dawowa. Sau goma ke nan a kan gada.

Asabar, 20 ga Afrilu

Shafi na sha biyu ya hau. Ban taɓa yin aiki mai kyau haka ba, kuma na kasa kallonsa. An ce tikiti ya ƙare tun Laraba.

Inna Tegwen ta aiko da saƙo, wai ya ci ƙwai guda yau, duka.

Talata, 23 ga Afrilu

Fitar gwaji, ba fasinja. Na ce zan shiga in saurari tagogi. Hefin yana taragon baya da tutarsa.

Na zauna a ƙasa a ɗaki na uku, idona a gindin ƙofa. Har muka wuce dajin ba komai, har na fara ce wa kaina ke dai Meinir kin cika tsoro, ga shi maganin ya kama. Sai sautin ƙafafu ya canja, muka hau gada, tarago ya karkata. Na ɗora tafin hannu a jikin ƙofar na ɗan danna. Tafin hannu ɗaya, ba da ƙarfi ba. Gindinta ya buɗe. Haske ya shigo, na hango duwatsun nan can ƙasa, ƙusar hinji tana fita tana komawa. Na janye hannu na rarrafa ɗaya gefen, sai na tuna ta bakwai ce a can, wadda ta fi ruɓa. Na zauna a tsakiya na ƙanƙame ƙafar kujera har muka sauka gadar.

A tashar ƙarshe na fito na yi amai a bayan tankin ruwa. Hefin ya biyo ni da tsokana, wai kafintar jirgi guda jirgi na juya mata ciki. Na sa hannu a aljihunsa na zaro basillar, na je gaban ƙofa ta uku, na soka ta a fuska, a tsakiyar ƙyallin, kusa da hinji. Ta ɗan tsaya a fatar waje, sannan ta zarce.

Ya zaro ta ya shinshina. Ya ce guda nawa, na ce shida. Na gaya masa zancen ramukan. Wannan bai girgiza shi sosai ba, har ya fara cewa abu ne da ke iya samun kowa. Sai ya tsaya. "Yaushe kika sani?"

Na ce farkon Maris.

"Kina tsaye a gabana na sa hannu, Meinir. Sunana ne a takardar nan." Tun da na san shi bai taɓa kiran sunana gatsal ba sai yau.

Ya ɗaure ƙofofin da igiya, muka dawo a hankali. A rumfa ya yage takardar. Da zai tafi, bai dube ni ba, ya ce zai iya gaya wa Maigida birki ne ya ba da matsala, don tsohon ya tafi da ni a ransa yadda ya san ni. Na so in karɓa. Allah ya sani na so. Na ce a'a, Maigida ya san birkin nan fiye da sunayen jikokinsa, tambaya biyu zai yi ya kama ka. Ban sani ba ko shi ne dalilina na gaskiya.

Laraba, 24 ga Afrilu

A tsaye na faɗa wa Maigida, ko kwat ban cire ba. Inna Tegwen na bakin ƙofa da tire a hannu.

Bai katse ni ba. Da na gama ya tambayi har ina ruɓar ta kai, na nuna da hannu. Ya tambayi ginshiƙai, na ce suna lafiya. Ya gyaɗa kai. Ya ce zancen ramuka rabin laifin nasa ne, shi ya bar mini ƙofofi bai nuna mini ba. Har hawaye sun fara zubo mini don sauƙi. Sai ya ce a miƙo masa kalandar. Inna Tegwen ta ajiye tire ta ɗauko. Ya bi ranakun da ya soke da yatsa, yana numfashi da ƙyar yana ƙirgawa.

"Mako bakwai," ya ce. "Ƙofa shida. Na san kafintoci a kwarin nan da in na buga waya za su ajiye komai su zo. Da kin faɗa ranar da kika gani, da tsakiyar Yuni mun fita. Yanzu sai Agusta. Yuni, Meinir. Da na gwada kaiwa Yuni."

Na ce ban so in karya masa zuciya ba ne.

"Ba zuciyata kika ji wa tsoro ba." Ya juya fuska wajen bango. "Je ki, 'yar nan. Na gaji."

Inna Tegwen ba ta raka ni ba.

Ko sau ɗaya tunanin kiran wani bai zo mini ba. Duk ƙirgen da na yi, hannuna biyu kaɗai na sa a ciki, don kada wani kafinta ya ga fotin nan.

Asabar, 4 ga Mayu

Jirgi ya fita da sauran taragai. Na ji usur ɗinsa daga rumfa. Maigida bai zo ba.

Na sauke ƙofa ta uku.

Litinin, 6 ga Mayu

Da safe na tarar da mutum uku a bakin rumfa da akwatunan aikinsu, duk masu furfura. Maigida ne ya buga musu waya, daga kan gado. Babbansu, wani dogo mai suna Gwilym, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke ce Mai Foti?" Na ce ni ce. Ya ce to nuna mana. Da aka ɓare ta bakwai ya tsoma hannu ya ɗebo ruɓaɓɓen, ya ce zai kai wa matarsa ta shuka furanni. Sauran suka yi dariya. Da can da na ci mutuncinsa. Yau na miƙa masa jaka.

Ni bai kira ni ba.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na je gidan da miyar rago a kwano. Inna Tegwen ta buɗe ƙofa rabi, ta ce barci yake yi. Ina jin tarinsa daga ciki. Ta karɓi kwanon, ta ce, "Ba yau ba, Meinir." Fuskarta ta tsufa a wata guda.

Asabar, 1 ga Yuni

Ƙofa biyu sun koma, huɗu na kan tebur. Daga bakwai na safe har hannu ya ƙi. Na ce mu tsallake kwana ɗaya tsakanin shafi da shafi, Gwilym ya ce, "Mai Foti, kin taɓa yi wa taragon nan dabara sau ɗaya, ya ishe shi." Gaskiyarsa.

Duk lokacin da waya ta yi ƙara a rumfa gabana sai ya faɗi. Ina duban fuskar wanda ya ɗauka kafin in ci gaba da aiki.

Hefin na yi mini magana, amma ta aiki kawai. Na ba shi hoton ƙasan ta uku ya kai wa Maigida. Amsar da ta dawo: "Ramukan sun yi ƙanana, ta ƙara musu faɗi." Shi ke nan, ba gaisuwa. Na sa Hefin ya maimaita mini sau biyu, ko akwai wata kalma da ya manta. Babu. Na ƙara musu faɗi.

Laraba, 26 ga Yuni

Jiya da safe Maigida ya rasu. Hefin ne ya zo har gida ya gaya mini.

Ya kai Yuni. Ya wuce tsakiyarsa da kwana goma.

Asabar, 13 ga Yuli

Ban rubuta zancen jana'iza ba. Coci ya cika, na tsaya a baya. Inna Tegwen ta karɓi hannuna kamar na kowa, ba ƙari ba ragi, ta ce ta gode da zuwa.

An ce 17 ga Agusta Sha Huɗu zai fita. Ban tambayi wa zai zauna a ɗaki na uku ba.

Yau da la'asar kowa ya tafi, ina gugar ƙofa ta takwas ni kaɗai, rana ta shigo ta rufin. Sai na kama kaina ina waƙa. Wata tsohuwar waƙar coci ce da ban ma san ina tune da ita ba, har na kai baiti na biyu. Na yi shiru nan take, na waiwaya ko akwai wanda ya ji.

Mutumin bai yi mako uku a ƙasa ba. Bai hau taragonsa ba, kuma ni ce sanadi, wannan ba zai canja ba. Amma ga shi abinci ya dawo mini da daɗi, jiya ma na bi ta ƙarƙashin gada da kare sai da na kai gida na tuna. Ban ce na ji sauƙi ba. Ba ni da bakin cewa haka.

Na dai ci gaba da guga, bakina a rufe.